Tudun da Na Sa Ammi Siraj Ya Hau

Abdallah, Maryama, Usman, wannan babin naku ne, kuma da Hausa zan rubuta shi ko Usman zai yi ta ɓata fuska. Kai Usman, in ya gagare ka, ka kai wa yayarka ta karanta maka, tunda Hausarka ba ta wuce "ina abinci" ba. Kun taso kuna ganin yadda ake girmama ni a gidan Ammi Siraj, wato Baffa Siraj, na unguwar Bagdadiyya a nan Jidda, ana ba ni kujera alhali sauran direbobi suna tsaye bakin ƙofa, kuma iƙamarku, takardarku ta zaman ƙasa, ba ta taɓa kwana ɗaya a mace ba. Kuna tsammanin halina ne ya jawo muku wannan. To, ba shi ba ne. Uwarku ta koma ga Allah ba ta san gaskiyar ba, ni kuma ba na so in bi ta da abin a cikina.

Sai na fara da Khumra, in ba haka ba za ku ce babanku mahaukaci ne. Da na zo hajji daga ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi na ƙi komawa, a Khumra ɗin, can gefen Jidda, na fara zama, ina dako a wani sito, ba takarda ba komai. Mu biyu ne a ɗaki, ni da Illiya, ɗan garinmu. Bayan siton akwai wani busasshen kwari da 'yar gada a kansa, a inuwarta muke hutun rana. Wata rana ina sama ina wanke kwano, Illiya yana kwance a ƙasa, rana ƙwal a kanmu, sai dai can gabas wajen duwatsu ana ɗan jin cida. Ko ɗigo bai sauka a Khumra ba. Sai na ji wani ruri, na leƙa, na ga ruwa ja wur yana tahowa da itatuwa da gwangwanaye da mataccen akuya. Na ƙwala masa kira, ya ɗago kai ya dube ni, shi ke nan. Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa. Mutanen Jidda suna kiran wannan ruwa sel, kuma duk wanda ya girma a nan ya san dokarsa: in kana cikin kwari ka ji cida, kada ka tsaya duban sama, hau tudu.

Faransancin da aka dura mini da bulala a makarantar boko shi ya fitar da ni daga dako. Ammi Siraj ɗan kasuwa ne, yana shigo da turare da yadi daga Faransa, yana neman direban da zai iya ɗauko baƙinsa a filin jirgi ya kuma ji abin da suke faɗa a kujerar baya. Ya zama kafilina, wato uban gidan da zamana a ƙasar ke wuyansa, ya gyara mini takardu, shi ya tsaya mini har na auri uwarku. Ita kuwa Rabi a unguwar Ruwais ta nan Jidda aka haife ta, a Ruwais aka haifi uwarta, ba ta san wata ƙasa ba, amma takarda ta ce baƙuwa ce. Sunanta da naku duka suna rataye a jikin iƙamata, tawa kuma tana hannun Ammi Siraj. In ya saki, mu biyar muka faɗi tare, a kwashe mu zuwa Nijar ɗin da ku huɗu ba ku taɓa gani ba.

Shekarar da ake goyon Usman aka yi wa Ammi aikin zuciya. Likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa kullum, a shimfiɗaɗɗen wuri, ban da hawa, ban da gudu. To, wa zai yi tafiya a zafin Jidda? Sai wani Bafaranshe abokin cinikinsa ya ce yana da gida a wani ƙauye bakin kogi, su zo su yi wata guda. Babban ɗansa Hisham zai raka shi, ni kuma a tafi da ni saboda harshe. Da na gaya wa uwarku tana tsinke mulukiyya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Abu Abdallah, wai me za ku yi a dajin?"

"Tafiya."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina. A tafi, a dawo."

"Ya salam! Kakana ya yi shekara uku yana taka ƙasa don ya ga Ka'aba, ƙafarsa duk faso. Yau mai mota huɗu zai hau jirgi don ya je ya taka ƙasa." Sai ta ajiye tiren ta dube ni. "Ka ji, ka dawo mana da shi da ransa. Ba don Allah kaɗai nake faɗa ba."

Na yi dariya a lokacin. Amma maganar ta bi ni har cikin jirgi.

Sunan ƙauyen bai taɓa zama a harshena ba, kada ku tambaye ni. Gidajensa na dutse ne, sun girmi na tsohon garin Jidda, lungunansa kuma mota ba ta shiga sai an naɗe madubi. Akwai coci a tsakiya mai ƙararrawa da ke bugawa kowace sa'a, har na gaji da ita. Ƙasa da ƙauyen kogi ne, ruwansa garau, ana ganin duwatsun ƙasa da kifi. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne kogin ba ya ƙafewa. Ni a sanina kwari yana da hali biyu, ko ya bushe ko ya yi kisa. Wannan kuwa yana ta wucewa a hankali safe da yamma, mutane sun gina gidaje a bakinsa, har da wani tsohon injin niƙa da ruwan ke juyawa. Na ce a raina waɗannan mutane ba su san ruwa ba.

Ranar farko Bafaranshen ya kai mu bakin hanya ya nuna mana wani fenti a jikin itace, layi fari a sama, ja a ƙasa. Ya ce a duk ƙasar haka ake yi wa masu yawon ƙafa alama, a kan itace, a kan dutse, a kan bango, daga ƙauye zuwa ƙauye. In dai kana ganin fari da ja, kana kan hanya. In ka ga an gicciya su, nan ba hanya ba ce, ka koma. Hanyarmu ta bi bakin kogi daga ƙauyenmu zuwa wata tsohuwar gada a ƙauye na gaba, tafiyar sa'a biyu ga tsoho, ba hawa ko kaɗan. Hisham ba ya son tafiya, sai ya riƙa zuwa da mota yana jiranmu a gadar. Fasfo ɗinmu duka suna cikin jakarsa. Kowace safiya sai ya maimaita mini magana ɗaya.

"Ya Haruna, ƙwayar maganinsa tana aljihunka?"

"Tana nan."

"Ban da hawa. Ka ji? Ko shi ya ce, ka hana shi."

Mun yi kwana goma sha ɗaya lafiya lau. Wallahi har na fara jin daɗin abin. Ammi yana gaba da sandarsa mai ƙarfe a gindi, farar jallabiyarsa da takalmin Turawa, ni ina baya da jakar ruwa da dabino da darduma. Itatuwan ban san sunansu ba, dogaye, sun haɗe sama har rana ba ta taɓa mu. Mukan haɗu da tsofaffin Turawa da gajeren wando da jaka a baya, su gaishe mu, su waiwayo su ƙara kallon jallabiyar. Ammi yakan tsaya ya ɗebi ruwan kogin ya yi alwala, ya ce, "Ya waladi, dubi abin da Allah ya ba kafirai, mu ya ba mu fetur." Fuskarsa ta fara cikowa, numfashinsa ya daidaita.

Rana ta goma sha biyu mun fita bayan azahar. Mun kai wurin da kwarin ya tsuke, dutse a tsallaken kogi, gangaren daji a ɓangarenmu, hanyar kuma ta manne da ruwa. Sai iska ta canja. Na ɗaga kai ta tsakanin ganye na ga hadari baƙi ƙirin can saman kwarin, inda ruwan ke fitowa. Sannan na ji cida. Ku yarda da ni, ban ga Faransa ba a wannan lokacin. Khumra na gani, da Illiya yana ɗago kai. Na ji har ƙarar kogin ta sauya a kunnena.

"Ya Ammi, sel! Mu hau!"

Ya tsaya ya dubi sama. "Bafaranshen ya ce kogin nan ba irin namu ba ne."

"Me ya sani? Shi ya taɓa ganin sel? Ni na gani da idona! Yalla, ya Ammi, yalla!"

"Likita ya hana ni hawa, ya Haruna."

"Likita yana Jidda! In ruwan ya zo, likita zai tsamo ka?"

A rayuwata ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Aka sake yin cida, ta fi ta farko ƙarfi. Na ga idonsa ya sauya, don shi ma ɗan Jidda ne, shi ma ya taɓa binne wanda ruwa ya ci. Na kama hannunsa. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta miƙe sama cikin daji, kuma a bakinta, a jikin wani dutse, ga fari da ja an gicciya su ɓaro-ɓaro. Na gan su. Ba zan ce ban gan su ba. Na dafa dutsen da hannuna na wuce, ina jan tsoho a baya.

Ban san tsawon lokacin da muka yi muna hawa ba. Ƙasar santsi, ganye ruɓaɓɓu, ƙaya tana kama jallabiyarsa. Sau biyu ya ce mu tsaya, sau biyu na ce saura kaɗan. 'Yar hanyar ta ɓace a cikin ciyawa, ban fasa ba. Da na ji hannunsa ya yi nauyi a nawa na waiwaya, sai na ga ya durƙusa, ya dafe ƙirji, leɓɓansa sun koma kalar toka, gumi yana zuba kamar an watsa masa ruwa. Na kwantar da shi jikin itace, ina gaggawa har ƙwaya biyu suka faɗi cikin ganye kafin in sa masa ta uku ƙarƙashin harshe. A lokacin ruwan ya sauko. Yayyafi ne, 'ya'yana. Yayyafin da ko kaza ba za ta guje masa ba. Ta wata kafa tsakanin itatuwa na hango kogin can ƙasa, garau, yana tafiyarsa a hankali, har da wasu mutum biyu a ɗan kwalekwale suna dariya.

Nan zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya. Da na ɗaga hannu zan roƙi Allah, ba ran Ammi Siraj ne ya fara zuwa bakina ba. Iƙama ce. Na ga kaina baƙin mutum, bara, ba fasfo a aljihu, a tsakiyar dajin Turawa da gawar attajirin Balarabe, nesa da hanyar da aka ce in bi. Na ga jandarmomi. Na ga Hisham yana tambayata wa ya ce a hau. Ba sai ya kai ni kotu ba, sa hannu ɗaya ya isa, ya bar ni a nan ko ya tura ni Yamai, ku kuma a zo Ruwais a buga muku ƙofa. Na ga uwarku da Usman a baya a cikin motar masu kame. Mutumin da ya aurar da ni yana kwance yana kokawa da numfashi, ni ina lissafin takarda. Na tsani kaina a wurin, amma tsoron bai tafi ba.

Komawa ƙasa ba zai yiwu ba, gangaren ya yi tsaye, da tsoho a hannu sai mu gangara tare. Na duba gabas na duba yamma, ko'ina itace iri ɗaya, ba fari ba ja. Na yi ihu da Faransanci, na yi da Larabci, har da Hausa na yi, ba wanda ya amsa. Na ce in bar shi in je neman mutane, sai na tuna ba zan gane wurin ba in na dawo. Ya buɗe ido ya riƙe rigata.

"Kada ka bar ni a nan, ya waladi."

"Ba zan bar ka ba."

Sai ƙararrawar wani coci ta buga, can sama ta hannun dama, sau huɗu. Irin ƙararrawar da na yi kwanaki ina tsaki a kanta. Na kwance rawaninsa na goya shi kamar yadda mata ke goyo, na ɗaure a ƙirjina, na nufi inda sautin ya fito. Tsohon dako ya yi mini rana. Ina tafiya ina jin numfashinsa a wuyana, in ya yi shiru sai in tsaya cak, zuciyata ta tsaya tare da ni, sai ya sake ja sannan in ɗaga ƙafa. Na faɗi sau ɗaya a kan gwiwa, tabon yana nan, kun sha tambayata. Da na fara shakkar ko na kauce, ƙararrawar ta sake bugawa sau ɗaya, na rabin sa'a, kusa. Na ratsa wata ƙaya na faɗo cikin makiyaya, shanu farare suka ɗago kai suna kallona, bayansu ga rufin gidajen dutse.

Wata tsohuwa mai takalmin roba ce ta fara ganinmu. Ba ta tambaye ni komai ba, ta buɗe ƙofa, ta share tebur da hannu ɗaya, muka kwantar da shi, ta buga waya. Sai da motar asibiti ta tafi da shi, muna jiran Hisham, sannan ta ba ni ruwa ta ce me ya kai mu wannan gangaren da ko mafarauta ba sa bi. Na ce tsoron ambaliya. Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Ta ce akwai kwarurruka a ƙasarsu da ruwa ke ɓarna, amma wannan, a irin wannan ruwan bazara, ko taƙi ɗaya ba ya ƙaruwa. Na roƙe ta kada ta maimaita wa kowa abin da na faɗa. Ta ɗaga kafaɗa, ta koma wajen shanunta.

A asibiti jandarma ɗaya ya rubuta sunana, ya ce za su dawo in mara lafiya ya farfaɗo. Hisham ya tsare ni a baranda, idonsa jajir.

"Me ya fitar da ku daga hanya?"

Na ce, "Mun ɓata."

"Yaya za a ɓata a hanyar da kuka bi sau goma sha ɗaya? In Baba ya tashi zan ji."

Kwana biyu ban ci abinci ba. Ina roƙon Allah ya tashe shi, ina kuma tsoron tashin nasa, don in ya buɗe baki da gaskiya mun ƙare. Da safe rana ta uku ya farka, aka kira mu ciki, ni da Hisham da jandarman, kuma ni ne mai fassara. Ku duba wannan hali: ni zan juya hukuncina da bakina zuwa Faransanci. Hisham ya sunkuya ya tambaye shi wa ya ce a hau tudun. Ammi ya juyo da ido ya dube ni, ya daɗe.

"Ni ne," ya ce. "Na ji ƙararrawa, na ce sai na ga ƙauyen. Haruna ya hana ni, na zage shi. Da ba don shi ba da a dajin zan kwana."

Na fassara, kalma bayan kalma. Jandarman ya rufe littafinsa. Hisham ya fashe da kuka ya rungume ni, sannan ya fita raka jandarman. Muka rage mu biyu. Na durƙusa bakin gadon na kama hannunsa.

"Ya Ammi, ka yafe mini. Bari in gaya masa."

"'Ya'yanka nawa?"

"Uku."

"To, rufe bakinka. Hisham yaron kirki ne, amma ba ya mantuwa." Ya huta, ya ja numfashi. "Ni ma na ji tsoron ruwan, ya waladi. Halas."

Washegari da hantsi ciwon zuciyar ya sake buge shi, bai tashi ba.

Muka dawo Jidda a jirgi ɗaya, mu a sama, shi a ƙasa cikin akwati tare da kaya. Aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi maƙabarta, rana tana dukan ƙeya, manyan 'yan kasuwar gari sun cika wurin. Na tsaya can baya inda direbobi ke tsayawa. Kun san al'adar nan, 'ya'ya da 'yan'uwa na jini su ke sauka cikin kabari su karɓi mamaci. Hisham ya sauka, ƙaninsa ya sauka, wani baffansu ya tattare riga zai bi, sai Hisham ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya ɗaga murya yana neman Haruna. Mutane suka dare, suka buɗe mini hanya, na matso bakin kabarin.

"Sauko, ya ɗan'uwana," ya ce, kowa yana ji. "Kai ka ɗauke shi da rai, kai za ka kwantar da shi. Kuma ku shaida, muddin ina numfashi, shi da iyalinsa suna wuyana."

Na sauka. Aka miƙo shi, kansa ya faɗo a hannuna, bai kai nauyin da ya yi a dajin ba. Muka kwantar da shi a kan dama, na juya fuskarsa alƙibla, na kwance ƙullin likkafanin. Hisham da ƙaninsa suka riga ni fita. Na ɗan dakata a ƙasa ni da shi, bakina ya cika da maganar, ga jama'a a sama sun yi shiru, da na faɗe ta da kowa ya ji. Na ɗaga kai, sai ga Hisham a durƙushe bakin kabarin, ya miƙo mini hannu.

Na kama, ya jawo ni na fito.